Yadda ake canza bawul ɗin PCV da ya maƙale a bayan injin a-kori-kura

Dubi wannan ɗan abin da ke tafin hannuna. Bai fi babban yatsa ba. Sunansa bawul ɗin PCV, kuma idan ya lalace, sai ka ga a-kori-kura tana shan baƙin mai, silo yana rawa, ko mai yana tsattsafowa ta gaskit.

Me yake yi? Duk lokacin da fetur ya ƙone a saman fistan, wani ɗan hayaƙi yana sulalewa ta gefen ring ya gangara ƙasa, inda kiranshaf ke juyawa. Hayaƙin nan ɗauke yake da tururin ruwa da fetur ɗin da bai gama ƙonewa ba. A da, bututu kawai ake sa wa inji ya zubar da shi a kan hanya. A farkon shekarun 1960, daga jihar Kalifoniya ta Amurka, aka soma mayar da shi cikin manifol, wato bututun da ke raba wa silinda iska, domin inji ya sake ƙona shi. Bawul ɗin nan shi ne mai gadin ƙofar. A cikinsa akwai ɗan toshi da sifirin. In mota tana silo, zuƙar iska ta yi ƙarfi, sai ya tsuke hanya. In ka taka totur, sai ya ƙara buɗewa.

In ya maƙale a buɗe, iska za ta yi wa inji yawa, har na'urar gwaji ta nuna lambar matsala P0171 ko P0174, masu nuna iska ta rinjayi fetur, wani lokaci da shuɗin hayaƙi a salansa. In kuwa ya toshe, matsi zai taru a ciki ya nemi mafita ta sil da gaskit, mai kuma ya riƙa yin kauri kamar laka. Wannan na biyun ya fi tayar mini da hankali, domin a ɓoye yake ɓarnarsa. Maganar injin fetur muke yi fa. Yawancin na dizal wani tsarin numfashi ne da su daban.

Cire shi ba wuya. Kai wa gare shi ne aikin. A injina da yawa yana can ƙarshen tofkoba, wato murfin da ya rufe bawulolin kan inji, dab da bangon da ya raba inji da mazaunin direba, a ƙarƙashin wayoyi da tiyo. Don haka bari inji ya huce sarai, domin hannunka zai goga da ƙarfe. Cire murfin robar da ke saman inji, in bututun iska ya tare hanya shi ma ka cire. Zura waya ka ɗauki hoto da fitila a kunne. Hoton zai nuna maka inda kowane tiyo yake, kuma zai nuna maka irin bawul ɗin: akwai wanda ake cusawa cikin zoben roba, akwai mai tiredi, akwai wanda ake ɗan murɗawa ya kulle. Wasu ma suna da soket ɗin wuta na ɗumama su. In naka haka yake, shi za ka fara zarewa.

Goge ƙurar da ke kewaye da shi tukuna. Ramin da za ka buɗe kai tsaye yake shiga cikin inji.

Yanzu tiyo. A nan mutane suka fi yin ɓarna. Robar da ta shekara da shekaru tana shan zafi takan bushe ta yi tauri, kana fizga sai ta tsage. Kama shi a gindi, ka murɗa hagu da dama a hankali har ka ji ya saki, sannan ka ja. In yatsu ba su kai ba, doguwar filaya mai lanƙwasasshen baki za ta kai, amma kada ka matse ta da ƙarfi a kan filastik. Shi ma bawul ɗin haka, murɗawa kake yi kana ɗagawa, a miƙe. Kada ka banƙare shi gefe da sukudireba. Wuyansa zai karye ya bar rabi a rami, ko kuma tsohon zoben robar ya farfashe gutsattsarinsa su faɗa ciki. Daga nan aikin ɗan lokaci ya koma cire tofkoba gaba ɗaya.

Ya fito. Girgiza shi a kunnenka. In shiru ne, mai yiwuwa ya ƙame. In yana ƙara, hakan bai wanke shi ba, domin sifirin na iya yin sanyi. Akwai ma waɗanda ba komai a cikinsu sai ɗan rami, ba sa ƙara ko suna sababbi. Shi ya sa dole ka sayi wanda aka yi wa injinka, ba mai kama da shi a ido ba.

Kafin ka mayar, bi tiyon da yatsa har inda ya shiga manifol. A injin Ford mai lita 5.4, gwiwar robar da ke bayan manifol ta yi suna wajen ruɓewa, kuma alamunta iri ɗaya ne da na bawul. Tunda hannunka ya riga ya isa wurin, ni dai shawarata ka canza zoben da tiyon tare.

Shafa ɗan baƙin mai a sabon zobe, zaunar da shi, sannan ka danna bawul har ka ji ya shige. Mai tiredi kuwa da hannu ake fara ɗaura shi, sifana ta zo daga baya, kuma a tsaya da zarar ya kama. Mayar da tiyo da soket, ka gwada da hoton farko.

Tayar da inji ka kasa kunne a bayansa. In ka ji wani siririn fito, iska na shiga ta wani wuri, koma ka duba bakin tiyo. In silo ya daidaita, goge lambar da ke na'ura, ka riƙa duba gejin baƙin mai na 'yan kwanaki.