Darasi: Canja gasket ɗin murfin kuloci a gida

Assalamu alaikum jama'a, barkanku da warhaka. Yau aikin hannu za mu yi, mai babur ya turo shi inuwa. Injin da ke gabana irin na CG 125 ne, wanda Honda ta fara fitarwa a 1975, daga baya kamfanonin China suka yi ta ƙera irinsa. Saboda haka ko sunan da ke jikin tankinka daban ne, leƙa injin, wataƙila fasalinsu ɗaya. Matsalar wannan shi ne ɗigar baƙin mai ta gefen dama, wajen murfin kuloci. Duk inda ya kwana sai ya bar tabo a ƙasa.

To amma kafin ka taɓa sifana, tabbatar daga inda man ke fitowa. Baƙin mai maƙaryaci ne. Sai ya fito daga sama, iska ta kora shi baya, ya gangara ya taru a gindin injin, kai kuma ka ɗora wa gasket ɗin ƙasa laifi, wato takardar da ake sawa tsakanin murfi da jikin injin don ta tare mai. Wanke injin tas da kananzir da tsohon buroshi, ka bari ya bushe, ka barbaɗa masa hodar jarirai a mahaɗar murfin, sannan ka zaga unguwa na minti 10. Inda hodar ta fara jiƙewa ta yi baƙi, nan ne. Malam mai kyamara, matso nan. Kun ga baƙin layin nan da hodar ta jiƙe, da ya bi gefen murfin ta ƙasa? Gasket ne. Da a ce zobe ya yi a kewayen sandar kik, da sil ne, wato zoben robar da ke tare mai a wurin, aikinsa daban.

Ga wani abu kuma da ake mantawa. Akwai ɗan tiyon roba da ke fitowa daga saman injin ta baya, ta nan yake numfashi. In ya toshe da laka, ko zanzaro ya yi gida a ciki lokacin da babur ya daɗe a ajiye, iska takan taru a cikin injin ta riƙa tura mai waje ta duk inda ta samu rauni. Zare shi ka hura. In ka sa sabon gasket ka bar tiyon a toshe, kuɗinka ka zubar.

Kayan aiki ba yawa: sabon gasket, sifana mai lamba 8 irin ta T, sauran sifanu na kik da salansa, reza, tsumma mai tsabta, kwali, giris, roba ta tarar mai, da sabon mai 20W-50 lita 1. In za ka sayi gasket, ka faɗa wa mai shago samfurin injinka sosai, ko ka tafi da tsohon in ya fita da sauran kamanni.

Na kunna shi ya ɗan ɗumama, don mai mai ɗumi ya fi saurin fita. Babur yana kan babban sitan. Na kwance mazubar mai. Wasu a ƙasan injin take, wasu a gefen hagu, mai babban kai, da sifirin da 'yar raga a ciki. In irin wannan ce, wanke ragar kafin ka mayar. Akwai masu kwantar da babur a gefen hagu don kada su juye mai. Yana yi, amma ni ban so: man da ya daɗe yana ɗiga, ƙura ta daɗe tana bin sa, lokacin canjinsa ma ya yi.

Yanzu a cire sandar kik, amma ka lura da yadda take tsaye don ka mayar da ita haka. A sassauta wayar kuloci a zare ta. Idan salansa ko matakin ƙafa ya tare maka hanya, cire shi, kada ka yi ta dambe da shi.

Ga amfanin kwalin. Na zana siffar murfin a kai, duk bolt ɗin da na kwance sai in soke shi a mazauninsa. Ba tsawonsu ɗaya ba. Ka sa dogo a ramin gajere, zai taɓo ƙasa kafin ya matse murfin, in ka ƙara ƙarfi ya tsaga alminiyon. Masu tsofaffin Honda na asali, naku wataƙila sukurori ne masu kan gicciye. Kada ku sa musu sukundireban gida, kan zai cinye. Ku ari wanda ake buga wa guduma.

Murfin ya manne, dama haka zai yi. Ɗauki katako ka ɗan bubbuga gefensa. Kada, don Allah, ka cusa sukundireba a mahaɗa ka banƙara. Tabon da za ka yi a nan babu gasket ɗin da zai rufe shi. Yauwa, ya saki. Ja shi a miƙe, a hankali. Ku duba abu biyu: wosha siririya da ke kan sandar kik, takan biyo murfin ta faɗi ba ka sani ba, da kuma 'yan bututun ƙarfe guda biyu da ke daidaita murfin da jikin injin. Ajiye su kan kwali.

Nan ne ainihin aikin, kuma nan ne ake gajiya. Tsohon gasket ya gasu shekara da shekaru, ya kama ƙarfen kamar ƙanzo a gindin tukunya. Fara cusa tsumma a cikin injin don kada ɓarɓashi ya shiga. Jiƙa ragowar takardar da kananzir ta yi laushi. Sannan ka kwantar da rezar, kusan a shimfiɗe, kana turawa gaba. In ka tsayar da ita za ta yanki alminiyon, domin ya fi ƙarfen reza taushi nesa ba kusa ba. Ku ga nan, kusa da ramin bolt na ƙasa, ɗan guntun da bai kai farce ba. Shi kaɗai ya isa ya ɗaga sabon gasket, gobe ka tarar da tabo a zaure. Ido yana ruɗi, don haka bi da ɗan yatsa, duka fuskokin biyu, na injin da na murfi. Sai ka ji sumul ko'ina sannan ka goge da fetur kaɗan. Ban da taba sigari a kusa, kuma a kori yara.

Tunda ciki a buɗe yake, ga wannan kewayayyen mai sukurori uku a bakin karanshaf, wato babban ƙarfen da fistin ke juyawa. Matatar mai ce, juyawa take yi tana wurga datti gefe. Buɗe ka kwashe baƙar lakar da ke ciki. Yawancin babura tun da aka saye su ba a taɓa buɗe ta ba.

Sai maganar gam. Za ka ga an lafta jan gam har yana tsiyaya, wai don ya riƙe. Abin da ya tsiyayo waje, irinsa ya tsiyaya ciki. A wannan injin, mai yana bi ta wata 'yar hanya a jikin murfin nan kafin ya isa karanshaf. Guntun gam ya toshe ta, maganar ɗiga ta ƙare, an koma maganar buga inji. Fuska mai tsabta ba ta bukatar gam. Ni giris nake shafa wa gasket, shafa ɗaya siririya, don ya zauna wuri guda kuma ya fita salin-alin wata rana. Ɗora shi a kan bututun nan biyu, ka duba kowane rami ya hau kan ɗan'uwansa, musamman ramin mai.

Zare tsumman. Mayar da woshar kik. Tura murfin har ya zauna da kansa. In ya ƙi, wani abu bai daidaita ba, kada ka ce bolt zai jawo shi. Sa dukansu da hannu tukuna. Sannan ka ɗaure a gicciye, wannan sai wanda ke fuskantarsa a ɗaya gefen, zagaye biyu ko uku, kana ƙarawa kaɗan-kaɗan. Mai ma'aunin ɗauri, wajen 10 zuwa 12 ne a ma'aunin Nm, wato newton-mita. Marar shi, yatsu uku a kan sifana sun isa. Da ka ji ya tsaya, tsaya.

Mayar da mazubar mai, sandar kik da wayar kuloci, ka bar ɗan wasa a hannun kuloci. Zuba mai, babur a miƙe, ka auna da sandar awo ba tare da ka murɗa ta ciki ba. Kunna minti 3, kashe, jira kaɗan, sake aunawa. Tsohon man kuma a jarka, ba a kwata ba.

Bayan kwana biyu da hawa, injin yana sanyi, ka sake bin bolt ɗin da sifana, don takarda takan ɗan kwanta. In har yanzu yana jiƙewa a wuri guda, cire murfin ka kifa shi a kan gilashi. In yana rawa, ya lanƙwashe, sai a goge shi da samfefa mai laushi a kan gilashin ko a nemi wani. In kuma akwai bolt ɗin da ke juyawa ba ya kamawa, zaren ramin ne ya cinye, wannan sai a kai wa masu injin fere ƙarfe, wato tona, su sa masa sabon zare.