Arshile Gorky da Zanen Mahaifiyarsa

Assalamu alaikum. Malamai da ɗalibai, sannunku da zuwa. Na 'yan baya, in ba ku gani sosai ku matso, don yau aikin ido ne.

Wannan hoton da ke jikin allo an ɗauke shi ne a garin Van, cikin Daular Usmaniyya, wajen shekarar 1912. Matar da ke zaune sunanta Shushan, 'yar ƙabilar Armeniya. Yaron da ke tsaye gefenta riƙe da furanni ɗanta ne, wanda daga baya ya zama mai zane, duniya ta san shi da suna Arshile Gorky. Maigidan ya tafi Amurka tun 1908 ya bar su, sai aka ɗauki hoton aka aika masa. Duk matar da mijinta ya tafi ci-rani ya yi shiru ta san abin da irin wannan hoto yake nufi: ga mu nan fa, kada ka manta.

A 1915 aka far wa Armeniyawa da kisa da kora. Iyalin suka gudu da ƙafa har Yerevan, babban birnin Armeniya a yau, kuma a can yunwa ta kashe Shushan a 1919, a gaban ɗanta. Shekara ta zagayo, shi da ƙanwarsa Vartoosh suka sauka Amurka. A gidan uban ya tarar da hoton.

To, ga zanen da ya yi daga wannan hoto, wanda yanzu yake gidan kayan tarihi na Whitney a New York. Ya fara shi wajen 1926, ya yi ta fama da shi har wajen shekara goma. Ya shafa fenti, ya bari ya bushe, ya kankare da reza, ya sake shafawa, har fuskar zanen ta yi sumul kamar tangaran.

Ku kwatanta biyun. A hoton, rigar uwar cike take da adon furanni. A zanen duk ya share, sai fari fat. Idanunta sun yi zuru-zuru, suna kallonka kai tsaye. Tsakanin hannun yaron da kafaɗar uwar ya bar 'yar tazara, ba su taɓa juna. Sannan ku dubi hannayenta a kan cinya. Babu yatsu! Dunƙulen fenti ne kawai. Wani zai ce bai iya zana hannu ba ne. Haba! Zane-zanen fensir ɗinsa suna nan, mutum ne da ya ƙware matuƙa. Ni a ganina hannun da ya ciyar da shi ne ya kasa ƙarasawa, kuma ban yarda ya so ya ƙarasa ba. Ai har zane na biyu ya yi na hoton nan, yana Washington, shi ma hannayen ba su kammala ba.

Mai zanen da ke gida sai ya ce, “Inna, zauna in zana ki.” Wanda ya yi hijira kuwa sau da yawa takarda ce kawai a hannunsa. Ko Njideka Akunyili Crosby, 'yar marigayiya Dora Akunyili, da aka haifa a Inugu take zaune a Los Angeles, da tsofaffin hotunan gidansu take aiki, tana manna surarsu a jikin zanenta. A juya mana allo, mu ga nata.