Palestra: Tarihin Tsohon Zauren Ƙwallon Kwando na Philadelphia

Assalamu alaikum. Malamai, ɗalibai, 'yan'uwa masu sha'awar wasanni, barkanmu da yamma.

Zauren da zan yi magana a kansa yau yana birnin Philadelphia ne a Amurka, cikin harabar Jami'ar Pennsylvania, wadda ake taƙaita sunanta da Penn. Sunansa Palestra. An buɗe shi ranar 1 ga Janairu, 1927, kuma a wasan farko Penn ta doke Jami'ar Yale da ci 26 da 15, a gaban mutum kusan dubu goma. Ku tuna, a 1891 James Naismith ya ƙirƙiro wasan. Ke nan ƙwallon kwando bai cika shekara arba'in a duniya ba aka gina masa wannan katafaren gida.

To, ku dubi ginin kansa. Charles Klauder ne ya zana shi, da jan bulo a waje. A ciki, bakan ƙarfe ne ke ɗauke da rufin, saboda haka babu ginshiƙi ko ɗaya da zai tare wa ɗan kallo gani. Bencinan kuwa sun gangaro har bakin fili. Wanda ke layin gaba yana jin ƙarar takalmin ɗan wasa a kan katako, yana ganin gumin da ke ɗiga daga haɓarsa. Idan mutum 8,700 da zauren ke ɗauka yanzu suka ɗauki ihu lokaci guda, ko usur ɗin alƙalin wasa da ƙyar ake ji. A nan aka buga wasannin shiyyar gabas na gasar NCAA ta farko a 1939 (NCAA ita ce hukumar wasannin jami'o'in Amurka), kuma shahararrun 'yan ƙwallon kwando Wilt Chamberlain da Kobe Bryant duk sun taka wannan katako tun suna 'yan sakandare.

Amma ni a ganina, abin da ya ɗaukaka Palestra ya faru ne a 1955. A shekarar, jami'o'i biyar na yankin, wato Penn da Temple da La Salle da Saint Joseph's da Villanova, suka kafa abin da ake kira Big 5. Kishiyoyin juna ne fa, na gaske! Duk da haka suka amince su riƙa karawa a zaure ɗaya, suna raba kuɗin ƙofa. A dare guda sai a buga wasa biyu, tikiti ɗaya. Ɗalibai su warware dogayen ƙyallaye masu rubutun tsokanar abokan hamayya, kuma da zarar ƙungiyarsu ta jefa ƙwallon farko a kwando, sai su yi ta wurgo zirin takardu masu launin makarantarsu har filin ya rufe, a dakata a share. Daga baya hukumar NCAA ta hana wannan.

Daga tsakiyar shekarun 1980 abin ya fara sakwarkwacewa. Kuɗin talabijin ya shigo, kowa ya ga gara ya ci ribarsa a gida. Villanova ta buɗe nata zauren a 1986, Temple ta buɗe sabo a 1997. Wannan ya dame ni, domin zauren da jami'a ɗaya ke cikawa da magoyanta ba ya ba da irin wannan zafin na rabi naka, rabi na kishiyarka.

A 2000 an yi wa Palestra kwaskwarima, aka mayar da barandunsa gidan tarihin ƙwallon kwando na birnin, kuma har gobe Penn a nan take wasanninta na gida. Akwai mai tambaya? Bismillah.