Fodkas: Kyautar da Schumann Ya Yi wa Matarsa da Busar Obo

Hadiza: Masu sauraro, barkanmu da warhaka. Malam Bala, abin da muka saurara yanzu, wallahi da farko na ɗauka algaita ce aka yi wa ladabi.

Malam Bala: (dariya) Ai ba ki yi nisa ba. Obo ke nan, ita ma siraran kara biyu ne a bakinta, iska ke kaɗa su. Ɗayan kuma fiyano. Robert Schumann, Bajamushe, shi ya rubuta wannan kiɗa a Dresden, watan Disamba na 1849. Gajeru ne guda uku, ya ba matarsa Clara kyautar Kirsimeti.

Hadiza: Ita Clara mabushiya ce?

Malam Bala: A'a, gwanar fiyano ce, duk Turai an san ta. Rigimar ta taso ne wajen buga kiɗan a takarda. Kamfanin ɗab'i na Simrock ya nemi a fitar da shi har don masu biyolin, wato gogen Turawa, da masu kilarinet, wata abar busa ita ma, saboda ya fi shiga kasuwa. Schumann ya ƙi, ya ce da don su ya rubuta, da wani kiɗan daban zai fito. Suka yi kunnen uwar shegu, suka buga yadda suke so a 1851.

Hadiza: To ni ban ga laifinsu ba, Malam. Masu obo nawa ne a lokacin?

Malam Bala: Kaɗan ne kam. Zamanin kilarinet ne, Brahms ma, wani Bajamushen mai rubuta kiɗa, ita ya rubuta wa manyan kaɗe-kaɗe biyu da fiyano a 1894, obo ko ɗaya. Shi kansa Schumann ya rasu a 1856, sai 1863 aka busa wannan da obo a zauren Gewandhaus na Leipzig. Amma fa gaskiya tana wajensa. Ki saurari na biyun. Layin kiɗan yana tafiya ba wurin tsayawa, ƙofar karan nan kuwa ƙanƙanuwa ce, iska kaɗan ke wucewa. Sai mabushi ya ji ƙirjinsa ya cika da tsohuwar iska, dole ya fara fitar da ita kafin ya shaƙi sabuwa, duk cikin ƙiftawar ido. Wannan matsin ana jin sa a sautin. Mai biyolin kuwa jan baka kawai zai yi ya wuce.

Hadiza: Masu algaitar fada ai kumatu suke cikawa, suna shaƙa ta hanci busa ba ta yanke ba.

Malam Bala: Wasu masu obo na yanzu ma haka suke yi. Ni dai na fi son in ji inda mutum ya saci numfashi.

Hadiza: Bayan Schumann babu wanda ya sake rubuta wa obo da fiyano kiɗa?

Malam Bala: Akwai Carl Nielsen ɗan Denmak, gajeru biyu a 1889. Sai Saint-Saëns na Faransa a 1921, shekarar da ya rasu yana da 86.

Hadiza: To a sa mana na biyun nan daga farko, ina so in kama inda yake satar numfashin.