Ƙasar ce ke kuka, ba zinariya ba

[Hoto: bidiyon da ke yawo, saurayi da na'ura a gona mai jan ƙasa]

Assalamu alaikum jama'a. Bidiyon nan da ke gabanku, mutum huɗu suka turo mini shi ta WhatsApp cikin kwana biyu, kowa da tambaya iri ɗaya: Malam, gaskiya ne? Ga saurayi nan a gona, duk inda ya kai faifan na'urarsa ta neman ƙarfen da ke binne a ƙasa sai kuka, wiii, wiii, mai ɗaukar hoton kuma yana ta salati, wai gonar gaba ɗaya zinariya ce.

Na sa abin kunne na saurari kukan nan sau da yawa. Na'urar lafiyarta lau, kuma ba na zargin yaron da yaudara. Abu ɗaya ya tsallake, wanda kusan duk sabon shiga yake tsallakewa: bai daidaita na'urar da ƙasar wurin ba. Ƙasar ce take sa ta kuka. A kan wannan za mu zauna yau, sauran kuwa mu wuce su da sauri.

[Hoto: faifan na'ura a kife, an matso da shi]

Cikin faifan nan waya ce a nannaɗe. Lantarkin batir yana ratsa ta, sai ta watsa ƙarfin maganaɗisu cikin ƙasa. In ƙarfin ya ci karo da ƙarfe, kowane iri ne, sai ɗan lantarki ya kewaya a jikin ƙarfen, ya mayar da amsa, faifan ya karɓa, kai kuma ka ji ƙara. Aikin ke nan. Ba ta gani, ba ta sansana, ba ta san sunan zinariya ba. Amsa kawai take ji.

Matsalar kuma tun farkon wannan fasaha take. A 1881, lokacin da aka harbi shugaban Amurka James Garfield, Alexander Graham Bell, mutumin da ya shahara da tarho, ya zo da wata na'ura da ya haɗa don gano inda harsashin ya maƙale a jikinsa. Na'urar ta yi ta ƙara inda bai kamata ba, harsashi bai samu ba. Cikin dalilan da ake bayarwa akwai ƙarafan da ke cikin gadon da majinyacin yake kwance a kai. To, ku riƙe wannan: ƙasar da muke takawa ita ce gadon.

[Hoto: hannu ya damƙo jan ƙasa, aka tura mayen ƙarfe a ciki]

Ku duba. Wannan ƙasa daga kudancin garinmu Maradi na ɗebo ta, hanyar Madarunfa. Ga mayen ƙarfe, na tura shi ciki, na juya, na ɗago. Kun ga baƙin gashin nan da ya manne a bakinsa? Ma'adinin ƙarfe ne, gari-gari. Jan launin marmara da tsakuwarta ma tsatsar ƙarfe ce. Kowace ƙwaya ɗaya ba komai ba ce, amma ƙarƙashin faifanka akwai buhu-buhu na irinta, kuma duk suna amsawa tare. Gutsuren zinariya mai girman ƙwayar gero yana raɗa, ƙasa kuwa tana ihu kamar kasuwar Maradi ranar Juma'a. Ta yaya za ka ji mai raɗa?

Daidaitawa ita ce ka koya wa na'ura muryar ƙasar wurin, ta yadda za ta daina kawo maka ita, ta bar kunnenka ga abin da ya saɓa. Kamar mai gida ne a bakin injin niƙa: bayan ɗan lokaci ba ya jin injin, amma da an yi sallama a ƙofa zai ji.

Yanzu ku natsu ku kalli hannuna, ba zan yi sauri ba.

[Hoto: ƙafafu da faifai, a fili]

Da farko na cire agogo, na ajiye waya nesa, na tabbatar takalmina babu ƙarfe a baki. Kada ku raina wannan, na ga mutum ya yini yana bin ƙarfen takalminsa. Na kuma nisanci wayoyin lantarki, domin su ma suna sa ta surutu, wani iri mai rawa-rawa.

Sai in nemi wuri mai tsabta, taki ɗaya ko biyu, inda babu ƙusa ko murfin kwalba a binne. Nan mutane da yawa suke faɗuwa. In ka daidaita a kan guntun ƙarfe ba ka sani ba, ka koya wa na'urar cewa ƙarfe shi ne ƙasa, kuma ranar nan ta tafi a banza. Don haka ka fara wuce faifan a kan wurin, hagu da dama, ka ji babu wata ƙara mai kaifi.

Yanzu saurari wannan siririn sautin. Kamar kukan sauro a nesa. Kada ka kashe shi. Sababbi suna tsanar sa, su rage shi har ya ɓace, alhali shi ne zaren da ƙaramar zinariya take taɓawa. Ka bar shi daidai inda kunnenka zai iya kama shi, ba ƙari.

Ga aikin kansa. Faifai a kwance, daidai da fuskar ƙasa, ba a karkace ba. In saukar da shi har ya kusa taɓa ƙasa, kamar faɗin yatsa biyu, in ɗaga shi kamar taƙi ɗaya, in sake saukarwa. Sama, ƙasa, sama, ƙasa, kamar mai daka amma a hankali, ba tare da taɓarya ta taɓa turmi ba. Kun ji? Duk saukarwa sai sauron ya ƙara murya. Ma'anarsa na'urar tana jin ƙasa fiye da kima. Sai in murɗa wannan maɓallin baya kaɗan. Na sake. Yanzu ga shi ya juye, lokacin ɗagawa yake ƙara murya, wato na wuce gona da iri. In dawo da shi gaba, ɗan ƙanƙani. Sama, ƙasa. Sama, ƙasa.

[Shiru na daƙiƙa biyar, sautin na'ura kaɗai]

Kun ji yadda ya miƙe, bai hau ba bai sauka ba? To, nan ne. Ni dai ra'ayina, nakan bar shi ya ɗan ƙaru kaɗan ƙwarai wajen saukarwa, don na fi yarda da kunnena a haka, amma mai koyo ya nemi daidai tukuna.

A wasu na'urorin babu murɗawa. Maɓalli ne, sau da yawa da haruffan GB a jikinsa, ka danne shi kana wannan sama da ƙasan har sautin ya kwanta, sannan ka saki. Wasu kuma, irin Gold Monster 1000 ta kamfanin Minelab, da kansu suke bin ƙasa kana tafiya. Hakan yana da daɗi, amma yana da tarko: na'ura mai bin ƙasa da kanta, in ka yi ta goga faifai a kan wata raunanniyar ƙara sau da yawa, tana iya ɗaukar ta a matsayin ƙasa ta haɗiye ta. Ka ji abu, ka goga, ka goga, ya ɓace, ka ce ai ba komai. Wataƙila akwai. Ka matsa gefe, ka bar ta ta sake kama ƙasa mai tsabta, ka dawo.

Kuma ba sau ɗaya ake yi a yini ba. Ku biyo ni taki ashirin.

[Hoto: ƙasa ta canja daga ja zuwa farin rairayi]

Nan jigawa ce, rairayi. Ban taɓa komai ba, amma ku ji yadda sautin ya rikice. Ƙasa ta canja, daidaiton ɗazu ya tashi aiki. Haka in ka gangara fadama bayan ruwan sama, ko wuri mai kanwa da gishiri, domin jiƙaƙƙen gishiri yana ɗaukar lantarki, shi ma yana amsawa. Duk inda launin ƙasa ya sauya a idonka, ka tsaya ka sake. Rabin minti ne.

Sannan ƙarfin ji. Kowa yana so ya kai shi ƙarshe, wai don ta yi zurfi. Kamar kunna babbar fitilar mota ne cikin hazon hunturu, ƙura kawai za ka haska. Ka rage shi har na'ura ta natsu.

Ta yaya za ka san ka yi daidai? Ga abin da nake yawo da shi a aljihu: ɗan guntun darma, ɗaure da jan zare don kada ya ɓace. Ƙaramar darma da ƙaramar zinariya amsarsu kusan ɗaya ce. Na binne ta zurfin yatsa, na wuce faifai. Zip, zip. Gajere, mai kaifi, wuri ɗaya. Na juyo ta wancan ɓangaren, zip, zip, bai canja ba. Yanzu ku kwatanta da na bidiyon can: dogo, mai faɗi, ba ka iya cewa ga inda ya fara ga inda ya ƙare.

Akwai kuma duwatsu masu ruɗi, waɗanda ƙarfen cikinsu ya fi na ƙasar da ke kewaye da su. Ga ɗaya. Yana kuka kamar gaske. Na shure shi gefe, kukan ya bi shi, mayen ƙarfe kuma yana ɗan jan sa. Kashin maƙera na tsofaffin wuraren narka tama ma haka yake yi. In kana shakka, kankare ƙasar sama da fartanya ka sake gwadawa. Abin da ke binne da gaske ƙara ƙarfi yake yi kana kusantar sa. Kukan ƙasa kuwa raguwa yake yi ko ya watse.

[Hoto: lambobi a fuskar na'ura, zobe, murfin lemo, takardar alminiyam]

Lambar da ke fitowa a fuska, a taƙaice: hasashe ce kawai kan irin ƙarfen da ke binne. Ga zoben zinariya, ga marfin gwangwanin lemo, lambobinsu maƙwabta ne. Wanda ya toshe lambar gwangwani ya toshe zinariya tare da ita. Mai wannan sha'awa sai ya haƙura da tonon shara, babu wata hanya.

Zurfi kuma, nan zuciyata take nauyi. Ƙaramin gutsure, santimita kaɗan ne. Babban ƙarfe yana iya kai wa kamu ɗaya ko fiye. Garin zinariya da ke cikin dutse, irin wanda sai an daka an wanke, na'ura ba ta jin sa. Curin zinariya mafi girma da aka taɓa samu da irin wannan na'ura, kilo 27 da ɗoriya, a jihar Biktoriya ta Ostareliya a 1980, kimanin santimita 30 kawai yake ƙarƙashin ƙasa. Ƙasar can ma ja ce mai yawan ƙarfe, shi ya sa manyan na'urori irin GPX, waɗanda suka fi jure irin wannan ƙasa, daga can suka fito. Su ne irin waɗanda aka yi ta rububinsu lokacin da zinariyar Jado ta ɓulla a 2014, har samarinmu suka yi ta hawa mota zuwa Agadas, domin a can zinariyar a kusa da sama take.

Saboda haka duk wanda ya nuna maka wani abu mai eriya yana juyawa, ya ce yana hango zinariya daga nisan kilomita ko zurfin gaba goma, riƙe jikkunanka. Kuma babu na'urar hannu da za ta ce maka ka haƙa rijiya. Mu a jihar nan mun san abin da rami yake yi. A watan Nuwamba na 2021, a Garin Liman da ke yankin Ɗan Isa, ramukan zinariya suka rufta, mutum aƙalla 18 suka rasu. Allah ya jiƙansu, ya ba iyalansu haƙuri. Haƙar ma'adini sana'a ce dabam mai buƙatar izinin hukuma. Abin da nake nuna muku yawo ne da fartanya.

[Hoto: tire da tsofaffin abubuwa a kan tabarma]

Ni kam, gaskiya, waɗannan sun fi faranta mini rai. Maradi gari ne da ya taso daga kwarin Gulbi ya hau tudu bayan ambaliyar 1945, kuma ƙasar Katsina da Gobir ta ga dawakai da fatake ba iyaka. Ga kan kibiya. Ga guntun linzami. Ga munduwar tagulla. Wannan babban kuɗin azurfa mai hoton mace, Mariya Tereza ce ta Ostiriya, kuma in ka samu irinsa ka ga 1780 a jiki, kada ka ɗauka lallai shekarar aka buga shi, domin an ci gaba da buga shi da wannan shekarar har bayan ƙarni biyu.

Ka nemi izinin mai gona kafin ka shiga, ku yi magana a kan rabo tun ba a samu komai ba. Maƙabarta da kufai mai tarihi, a bar su. Nijar tana da dokar kare kayan tarihi tun 1997, kuma abin da ya yi kama da na mutanen da, a sanar da hukuma, wurinsa irin gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai, ba jakar dillali ba.

[Hoto: komawa fili, faifai yana tafiya a hankali]

Bari mu gwada nan kafin rana ta faɗi. Mai gonar yana tsaye can, ya ba mu izini. Na daidaita, sauro ya miƙe. Faifai ƙasa-ƙasa, kowace wucewa tana hawa rabin ta baya. Tsaya. Kun ji? Zip, zip. In juyo. Zip, zip. Na kankare sama, ya ƙara ƙarfi. In damƙi ƙasar, in wuce da ita gaban faifai, da hannun da babu zobe. Ba ya cikin wannan. Yana cikin wannan.

Anini ne, mai huda a tsakiya, kuɗin Ingilishi na zamanin mulkin mallaka, ya tsallako iyaka a aljihun wani. Matso da kyamarar a ga tauraron da ke jikinsa. Baba, zo ka gani, a gonarka yake. Bari in mayar da ƙasar ramin in take ta tukuna.