Darasi: Wa ke sayar maka da hannun jari idan ka danna "saya"?

Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da warhaka. Darasin yau na masu saye da sayar da hannun jari a yini guda ne, musamman masu shiga kasuwar Amurka ta waya.

Idan ka danna saya, cikin ƙiftawar ido ciniki ya faɗa. To wa ya sayar maka? Galibi wani kamfani ne da sana'arsa ke nan, kullum yana tsaye da farashi biyu, na saye da na sayarwa. Su ake kira maket meka. Manya daga cikinsu a Amurka su ne Citadel Securities da Virtu Financial.

Wanda ya taɓa zuwa Wapa a Kano ya san tsarin. Ɗan canji zai karɓi dalarka a kan wani farashi, ya sayar wa na bayanka da ɗan ƙari. Wannan tazarar ita ce abincinsa.

Mu yi lissafi. A ce yana saye a kan dala 50, yana sayarwa da ƙarin santi 5. Ka sayi guda 1,000, ka juya ka sayar nan take, farashi bai motsa ba. Dala 50 ta tafi. Ka yi haka sau 10 a yini, dala 500 ke nan. Mai ajiye jari shekara biyar sau ɗaya zai biya wannan kuɗin, kai mai shiga da fita kullum kana biya. Ko manhajar ta ce babu kamasho, kada ka saki jiki. A Amurka dillalai da yawa maket meka ne ke biyansu don su tura masa odarka. A Disambar 2020 kamfanin dillanci na Robinhood ya amince ya biya SEC, hukumar da ke sa ido kan kasuwar hannun jarin Amurka, tarar dala miliyan 65 saboda bai fito ya gaya wa abokan cinikinsa gaskiyar wannan hanyar samun kuɗi ba.

To yaya suke motsa farashi? Ku saurara da kyau. Maket meka ba ya son kaya su yi masa kwantai. Idan mutane suka yi ta zuba masa hannun jari, sai ya sauke farashin sayensa, masu sayarwa su ja baya, masu saye su matso. Idan kayansa suka kusa ƙarewa, ya ɗaga. Ina yawan jin matasa na cewa ai odarsu ce maket meka ke farauta. A ganina odarka ta yi masa ƙanƙanta. Abin da ke faruwa shi ne dubban mutane kan ajiye odar tsayar da asara, wato umarnin a sayar da zarar farashi ya sauka zuwa wani mataki, duk a wuri guda, farashi na taɓa wurin sai duk su fashe tare.

Abin da ya fi damuna shi ne ranar rikici, domin a ranar maket meka yakan faɗaɗa tazara ko ya janye. Ranar 6 ga Mayu, 2010, ma'aunin Dow Jones, mai auna farashin hannun jarin manyan kamfanonin Amurka, ya faɗi kusan maki 1,000 kafin ya farfaɗo cikin mintuna. Hannun jarin kamfanin Accenture, da ke wajen dala 40, har a kan santi ɗaya aka sayar da shi. Waɗanda suka ba da odar "sayar a kan duk farashin da aka samu" su abin ya ci.

Saboda haka, don Allah, riƙa ƙayyade farashinka a cikin odar, wadda ake kira limit oda. Kafin ka shiga, dubi farashin saye da na sayarwa duka biyun. Ka bar mintunan farko bayan buɗe kasuwar New York da ƙarfe 9:30 na safe agogonsu su wuce, don lokacin tazara ta fi faɗi. Ƙananan kamfanonin da ba a cika cinikinsu ba kuwa, shiga ba wuya, amma ranar fita sai ka rasa mai saye.

A darasi na gaba za mu buɗe allon oda mu karanta shi tare, insha Allahu.