Dala 49 da Santi 7: Lacca Kan Wani Fim Na Damben Boksin

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To madalla. Abu uku na zo da su kan fim ɗin nan na 1956, The Harder They Fall, wanda shi ne na ƙarshe da jarumin fina-finan Amurka Humphrey Bogart ya fito a ciki kafin mutuwarsa a Janairun 1957.

Na farko, labarin. Wani dillalin dambe mai hulɗa da 'yan daba, Nick Benko, ya kwaso wani ƙato daga Ajantina, sunansa Toro Moreno. Ga jiki kamar gindin kuka, amma hannu ba nauyi, kuma ba ya jure naushi. Sai Benko ya ɗauki wani ɗan jarida da aikinsa ya ƙare, Eddie Willis, ya riƙa kambama yaron a jaridu. Duk wanda za a haɗa shi da Toro, an riga an saye shi, ya san turmin da zai faɗi. Kowa ya sani, ban da Toro. Shi a ransa da gaske yake kisa.

Na biyu, ba daga sama aka ciro labarin ba. Kowa ya gane Primo Carnera ake nufi, ɗan Italiya, tsawonsa kusan mita biyu. Ya ci kambun duniya na ajin masu nauyi ranar 29 ga Yuni, 1933, da ya kayar da Jack Sharkey a turmi na shida. Shekara ɗaya kacal, Max Baer ya yi masa dukan kawo wuƙa, yana tashi yana faɗuwa, ya ƙwace kambun. To ku saurara, nan ne tsigar jikina take tashi. Wanda aka ɗauko ya lakaɗa wa Toro duka a fim ɗin, Max Baer ɗin ne da kansa! Shi fa, da hannunsa. Carnera ya kai kamfanin fim ɗin kotu, bai ci nasara ba.

Amma ni, wallahi, ba filin dambe ne ya tsaya mini a rai ba. Ofis ne. Bayan wasan ƙarshe Toro yana kwance a asibiti, muƙamuƙinsa a karye, ba abin da yake so sai kuɗinsa ya koma gida. Eddie ya je karɓo masa. An tara sama da dala miliyan ɗaya a ƙofa. Akawu ya buɗe littafi, ya fara cirewa: kason wane, kason wane, kuɗin horo, kuɗin masauki, kuɗin talla. Ba tsawa, ba bindiga, alƙalami ne kawai yake tafiya a kan takarda. Aka ja layi. Abin da ya rage wa Toro, dala 49 da santi 7.

Dala 49 da santi 7, jama'a. Santi bakwai ɗin nan ya fi komai ƙona mini rai. Wato ba su ma yarda a ce sun yi sata ba, lissafinsu ya cika cif, ko kwabo ba su danne ba, a ganinsu. Ɗan damben gargajiya a nan, ko an buge shi, abin da 'yan kallo suka liƙa masa ya gani da idonsa. Toro bai taɓa riƙe kuɗinsa ba, littafin yana hannun wanda ya mallake shi. Shi ya sha dukan, su suka sha romon. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi, kamar don shi aka yi karin maganar.

Kuma ku lura da Eddie. Ba mugu ba ne, talauci ne ya kama shi a wuya, ya ce bari in ɗan taɓa in fita. Kasonsa dala 26,000. A ƙarshe ya miƙa wa Toro duka, ya sa shi a jirgi, ya zauna ya fara rubuta tonon asirin. Na huɗu... a'a, na uku ke nan ko? Na'am, Malama, ga hannunki can, bismillah.

Tana tambaya ko an taɓa samun wanda ya amsa laifin sayar da wasa a zahiri. An samu, Malama. Wani ɗan damben Amurka, Jake LaMotta, a Nuwamban 1947 a Madison Square Garden da ke New York, ya tsaya Billy Fox yana jibgarsa har aka tsayar da wasan a turmi na huɗu. A 1960 ya zauna gaban kwamitin Majalisar Dattawan Amurka, ya ce da gangan ya yi, domin 'yan mafiya, wato manyan 'yan dabar da ke juya harkar, ba za su bar shi ya nemi kambu ba sai ya ba su wannan wasan. Ko bayan haka sai da ya jira har Yunin 1949, ya kuma biya dala 20,000, kafin a haɗa shi da Marcel Cerdan na Faransa a Detroit, ya ci kambun. Shi kuwa Frankie Carbo, uban gayyar da ke juya harkar a ɓoye, a 1961 aka yanke masa ɗaurin shekara 25. Ga shi ana nuna mini agogo. Akwai wani hannun kuma?